Wawason Arjinin: Daga Kwalbar Gwaji Zuwa Gadon Mai Ciwon Daji

Wata damina da ake ta kawo masu amai da gudawa daga ƙauyukan kewayen Zariya, wata ɗaliba da ke koyon aiki a ɗakin gwaje-gwajenmu ta same ni da sassafe riƙe da katakon jera kwalabe. Kwalabe huɗu ne sirara, kowace da ɗan ruwa a ciki, an malala mai a samansa don kada iska ta shiga. Ta zaro ta biyu ta ɗaga saitin taga.

"Malam, ina jin wannan ta lalace. Jiya da zan tashi ruwan ɗorawa na bar ta, yau na zo na tarar ta koma shunayya."

"Ba ta lalace ba, magana take yi miki. Me kika zuba a ciki?"

"Arjinin."

"To ƙwayar da kika shuka ta cinye shi. Je ki rubuta cewa wannan ba ta kwalara ba ce, mu ci gaba da neman sunanta."

Ruwan da ke cikin kwalbar wani ɗan ƙasar Denmak, Vagn Møller, ya haɗa shi tun 1955, kuma har yau da shi muke aiki. Ɗan sukari ne a ciki, da amino asid guda ɗaya, wato irin sinadaran da ake gina furotin da su kamar arjinin, da rini mai canza launi. Ƙwayar takan fara da sukarin, ruwan ya yi tsami, rinin ya koma ɗorawa. Tsamin nan shi ke tsikarar ta. Idan tana da makamin farfasa arjinin sai ta zaro shi, ta saki amoniya, amoniyar ta kashe tsamin, launi ya dawo shunayya. Vibrio cholerae, mai haddasa kwalara, ba ta iya wannan da arjinin, sai dai da wasu amino asid biyu, laisin da onitin. Aeromonas hydrophila, wadda ita ma a ruwa take kuma tana sa gudawa, tana cin arjinin amma ba ta taɓa onitin. Plesiomonas shigelloides kuwa ba ta barin ko ɗaya cikin ukun. Da kwalabe huɗu da kwana ɗaya zuwa huɗu a cikin na'urar ɗumi sai a raba 'yan kama da juna.

Makamin nan da ya sauya launin kwalbar, wanda ake kira enzayim, shi ne ake tacewa a yi wa masu ciwon daji allura a Landan da Taiwan. Shi ake manna wa bakin waya a ƙera na'urar awo. Wani ɗan'uwansa kuma yana da hannu a wahalar da masu sikila da masu zazzaɓin cizon sauro ke sha. Aikin iri ɗaya ne a ko'ina, wato ƙarar da arjinin. Abin da ke bambanta magani da cuta shi ne wa aka bari da yunwa.

Arjinin ɗaya ne daga amino asid 20 da ake gina furotin da su, yadda ake jera bulo a tayar da katanga. Ernst Schulze da Ernst Steiger ne suka fara tace shi a 1886 daga tsiron wani ɗan gidan su wake da ake kira lufin, sunansa kuma daga kalmar Girkanci ta azurfa aka ɗauko, saboda ƙyallin gishirinsa. Akwai shi da yawa a gyaɗa da riɗi da agushi da waken suya da nama da kifi. Babba mai lafiya bai dogara ga abinci kaɗai ba: hanjinsa na yin wani sinadari mai suna sitrulin ya zuba a jini, ƙoda ta karɓa ta mayar da shi arjinin. A riƙe wannan hanya da kyau, don duk maganar ciwon daji da za ta zo a kanta take tsaye. Bakwaini, da wanda ya ƙone, da mai doguwar jinya, su ne abin da jikinsu ke yi ba ya isar su. Abin da ya sa kowa ke kwaɗayinsa kuwa shi ne naitirojin huɗu da ke jikinsa, fiye da na sauran 19 ɗin.

Shi enzayim furotin ne mai aikin wuƙar mahauci gwani: gaɓa ɗaya tak ya sani, nan zai yanka, ya saki, ya kama na gaba, kuma ba ya dakushewa da wuri. Gaɓoɓin arjinin da ake yankawa huɗu ne suka shafe mu. Arjinas, wanda Albrecht Kossel da Henry Dakin suka gano a 1904, yana raba shi gida biyu, onitin da yuriya. Yuriyar nan ita ce dai takin Uriya da manomin Giwa ke zuba wa masara, sinadari ɗaya ne, sai dai tamu hanta ke yi mu fitar a fitsari, ta hanyar da Hans Krebs da Kurt Henseleit suka bayyana a 1932. Na biyu, arjinin dikaboksilas, yana cire masa iskar kabon dayoksaid ya bar agmatin. Na uku shi ne wanda jikinmu ke yin naitirik oksaid da shi, iskar da ke sa hanyoyin jini su saki jiki su buɗe, wadda a kanta Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka samu kyautar Nobel a 1998. Na huɗu, wanda shi ne gogan wannan sharhi, shi ne arjinin diiminas, da ake taƙaitawa ADI. Ɗan Adam ba shi da shi. Na ƙananan halittu ne.

ADI yana yanke arjinin ya ba da sitrulin da amoniya. Sunan sitrulin ma daga sunan kankana na kimiyya ya fito, don a cikinta aka fara samun sa. Ƙwayar ba ta tsaya nan. Enzayim na biyu ya karɓi sitrulin ya fitar da onitin da wani guntu mai ɗauke da ƙarfi, na uku ya fasa guntun ya ba da ATP, wato kuɗin da kowace ƙwayar halitta ke kashewa a harkokinta, tare da wata amoniyar. A bakin ƙofa kuma akwai mai musaya: ya fitar da onitin ɗaya, ya shigo da arjinin ɗaya, babu ko sisin dako. Daga kowane arjinin ke nan ƙwayar ta samu ATP ɗaya da amoniya biyu, ba tare da ta nemi iskar shaƙa ba. Ta ci abinci, ta kuma kashe tsamin da ke neman hallaka ta. Shi ya sa Pseudomonas aeruginosa, mai sa ƙuna ko gyambo ya yi ruwa kore-kore, ke iya lafewa a lungun da iska ba ta kai. Mycoplasma hominis kuwa kusan a kan wannan hanya kaɗai take rayuwa, ba ta damu da sukari ba.

Wanda ya taɓa buɗe ƙwaryar kalwa a kwana na uku ya san yadda amoniya ke hawa kai. Gwaggona da ke Tudun Wada takan kawar da fuska in ta yaye ganyen, ta ce daddawa ta kama. Bacillus subtilis ce ke wannan aiki, tana narka furotin ɗin kalwa tana sakin amoniya har tsami ya gudu gaba ɗaya. Ba arjinin kaɗai take farfasawa ba, amma tana da nata arjinas ɗin. Gwaggo ba ta san sunan ƙwayar ba, amma hancinta na karanta abin da rinin Møller ke karantawa.

A bakinmu irin wannan aikin alheri ne. Bayan an sha shayi mai sukari, Streptococcus mutans ta cinye abin da ya maƙale ta fitar da tsami, kuma da ma'aunin pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya yi ƙasa da 5.5 ɓawon haƙori zai fara zaizayewa. Maƙwabtanta, Streptococcus sanguinis da Streptococcus gordonii, suna da ADI, sai su ɗauki arjinin na yawu su saki amoniya su daidaita wurin. Israel Kleinberg na Jami'ar Stony Brook a Amurka ya yi shekaru yana bin wannan, daga nan aka samo man goge baki mai arjinin: kashi 1.5 cikin 100 tare da fulorayid don ruɓewar haƙori, kashi 8 don haƙori mai jin sanyi. Dabarar ta burge ni, a ciyar da na kirki maimakon a kashe kowa. Sai dai yawancin gwaje-gwajen kamfanin da ke sayar da man ne ya ɗauki nauyinsu, don haka ina karanta su da ido biyu. Ita Escherichia coli da dikaboksilas take ratsa tsamin ciki ta kai hanji da ranta.

Daga nan labarin ya fara muni. Sojojin jiki da ke haɗiye ƙwayoyin cuta da naitirik oksaid suke ƙona su, kuma daga arjinin suke yin sa. Mai wayo a cikin maƙiya ba ya tsayawa faɗa, rumbun yake kwashewa. Giardia, mai sa yara kumburin ciki da zawo mai wari, da ta manne a bangon hanji sai ta saki ADI, ta cinye arjinin na wurin, ta ƙoshi, ta bar hanjin babu abin yin makami. Helicobacter pylori mai gyambon ciki da arjinas take yin haka. Leishmania, mai sa gyambon fata da kumburin saifa, na amfani da nata arjinas ɗin ta samu onitin da take hayayyafa da shi. Wani nau'in Staphylococcus aureus mai jure magani da ya addabi Amurka, USA300, ɗauke yake da ƙarin kayan ADI da ya samo daga 'yar'uwarsa Staphylococcus epidermidis, waɗanda ke taimaka masa zama a fatar mutum mai ɗan tsami.

Wanda ya fi kusa da gida shi ne na jini. Jajayen ƙwayoyin jininmu cike suke da arjinas, a kulle. Idan suka farfashe, kamar yadda ke faruwa a sikila da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sai ya watsu a ruwan jini ya hau cin arjinin. Jan sinadarin da ya zube tare da shi kuma yana shanye ɗan naitirik oksaid ɗin da ya rage. Hanyoyin jini su tsuke, su yi danƙo, jinin da dama bai iya gudu ba ya ƙara cijewa. Ita kanta Plasmodium falciparum, mai haddasa zazzaɓin, tana da nata arjinas ɗin. A 2003 wani bincike da aka yi a Darussalam ta Tanzaniya ya nuna yaran da zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa arjinin ɗin jininsu ya yi ƙasa sosai. A 2005 Claudia Morris da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa manya masu sikila da arjinin ɗinsu ya fi raguwa sun fi fama da hawan jinin huhu, sun kuma fi saurin mutuwa. A nan Najeriya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, Richard Onalo da abokansa sun gwada bai wa yaran da ciwon ƙashi ya kwantar a Abuja arjinin ta baki. Sakamakon da suka buga a 2021 ya nuna waɗanda suka sha sun fi saurin samun sauƙi, sun kuma buƙaci maganin zogi kaɗan. Yaran ba su kai 100 ba, kuma har yanzu arjinin bai shiga jerin magungunan sikila na yau da kullum ba.

Kada wani ya karanta wannan ya nufi kemis. Ana tallan ƙwayoyin arjinin a Facebook da sunan ƙarfin maza da ginin jiki, kamar alewa. A wani gwaji da aka buga a 2006, an bai wa mutanen da suka yi bugun zuciya arjinin da fatan zai taimaka musu. Cikin mutum 153, shida suka rasu a ɓangaren masu shan arjinin, babu ko ɗaya a ɗaya ɓangaren, aka tsayar da gwajin.

To ta yaya abin da ke cutar da mai sikila ya zama maganin daji?

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1953 John Kidd ya lura cewa ruwan jinin ɓeran Masar na narkar da wani ciwon daji a jikin ɓeraye. A farkon shekarun 1960 John Broome ya gano cewa wani enzayim ne a ciki, asparajinas, ke cinye amino asid ɗin da dajin ba ya iya yi da kansa. Aka koma samo shi daga Escherichia coli, Amurka ta amince da shi a 1978, yau kuma yana cikin ginshiƙan maganin sankarar jini ta yara. Sa wa daji yunwa abu ne da aka ga amfaninsa.

Na arjinin kuwa daga ɓarna ya fito. Masu renon ƙwayoyin jiki a kwalba sun daɗe suna kuka da Mycoplasma. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta da bango, tana ratsa matata, ba ta gurɓata ruwa ballantana a gan ta, sai dai kawai ka ga abin da kake reno ya daina girma. Wajen 1990 masu bincike a Japan suka tace abin da ke hana ƙwayoyin daji girma a irin waɗannan kwalabe, suka tarar ADI ne. Ɓarawon da ake ta kora ashe da magani a aljihunsa.

Ga yadda abin yake. ADI ya shiga jini ya mayar da arjinin sitrulin. Ƙwayar jiki mai lafiya ba ta damu ba, domin tana da wani enzayim, ASS1, wanda da shi da abokin aikinsa suke mayar da sitrulin arjinin, hanyar nan ta ƙoda da na ce a riƙe. Wasu nau'o'in daji kuwa sun rufe wannan ƙofa da kansu: da yawa daga dajin hanta, da baƙin dajin fata, da mesoteliyoma na tantanin huhu, da wasu na tsoka da ƙashi. Ba wauta ba ce. Wani bincike na 2015 daga Cibiyar Weizmann ya nuna cewa in an rufe ASS1, wani amino asid mai suna aspatet da da za a kashe a can sai a karkatar da shi wajen ƙera kayan gadon halitta, wato DNA, dajin ya ƙara saurin hayayyafa. Kamar magidancin da ya sayar da gonarsa ya zuba kuɗin a kasuwa, don ya ga hatsi na araha. Ranar da hatsi ya ɓace a kasuwa shi zai fara kwana da yunwa, maƙwabcinsa mai gona yana tuwo.

Me ya sa aka tafi neman na ƙwayar cuta alhali muna da namu arjinas? Saboda arjinin ɗin da ke yawo a jini kaɗan ne, wajen maikromol 100 a lita ko ƙasa da haka. Arjinas ɗinmu sai abinci ya yi yawa yake aiki da kyau, kuma ya fi son wurin da ya fi jini kanwa-kanwa. ADI na Mycoplasma kuwa mai kalen gona ne, ko ƙwaya ɗaya ta faɗi sai ya tsince. Aibinsa biyu. Baƙo ne, garkuwar jiki na far masa, kuma cikin 'yan sa'o'i ya ɓace daga jini. Sai aka yi masa riga da wasu dogayen zarurruka na sinadarin PEG masu nauyin 20,000, aka samu ADI-PEG 20, wanda ake kira pegargiminase, allura ɗaya a tsoka duk mako.

Aka kai shi babban gwaji a kan dajin hanta da ya ci jiki. Mutum 635, sakamakon ya fito a 2018. Rabin waɗanda aka yi wa allurar sun wuce wata 7.8 a raye, rabin waɗanda aka yi wa ta bogi sun wuce wata 7.4. Wato babu bambanci. Wannan ya yi mini ciwo, don dajin hanta namu ne: ciwon hanta nau'in B ga shi nan a gidaje, gubar aflatoksin ga ta a gyaɗa da masarar da ba ta bushe da kyau ba. Dalilan faɗuwar sanannu ne. Garkuwar jiki takan gane baƙon duk da rigarsa, bayan 'yan makonni arjinin ya fara dawowa. Dajin kuma da yunwa ta ci shi sai ya koma ya buɗe ƙofar ASS1 da ya rufe, ko ya riƙa cin kayan cikinsa yana jiran sauƙi. Tsugune ba ta ƙare ba.

Darasin da aka ɗauka shi ne yunwa kaɗai ba ta kashe shi, sai dai ta raunana shi a samu na bugu. Peter Szlosarek na Cibiyar Barts a Jami'ar Queen Mary ta Landan ya jagoranci gwajin haɗa allurar da magungunan daji na da, a kan mesoteliyoma, dajin tantanin huhu da ƙurar asbestos ke haddasawa, kuma nau'insa mafi taurin kai. Mutum 249 daga Birtaniya da Amurka da Ostareliya da Italiya da Taiwan. Sakamakon 2024: wata 9.3 ga masu allurar, wata 7.7 ga marasa ita. Jaridun Ingila sun yi ta murna. Ni abin da na gani shi ne ƙarin mako bakwai a tsakiyar jeri, tare da wasu 'yan tsiraru da suka kai shekara uku. Ga ciwo mai taurin kai irin wannan, ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba warkewa ba ce, kuma duk wanda ya ce wa mai jinya a Zariya an samo maganin daji daga ƙwayoyin cuta ya yi masa ƙarya.

Shi ma arjinas na ɗan Adam an gyara shi. An cire manganis da ke tsakiyarsa aka sa kobal, ya ƙara kaifi a cikin jini, ana kuma noma shi a cikin Escherichia coli. Tarayyar Turai ta amince da shi a Disambar 2023, amma ba don daji ba, don yaran da aka haifa babu arjinas, waɗanda arjinin ke taruwa a jininsu har ƙafafunsu su sandare. A wurinsu yawansa ne cutar.

Duk wannan ya dawo da mu kan awo. Mai ba da ADI yana son ya san ko arjinin ya ƙare. Likitan sikila yana son ya san ko ya yi ƙasa. Masu sarrafa abinci ma suna nema, domin a kayan da ake tsimawa, irin su giyar inabi da miyar waken suya ta Asiya, yis na mayar da arjinin yuriya, bakteriya masu tsami na mayar da shi sitrulin, kowannensu kuma in ya haɗu da barasa sai ya ba da etil kabamet, wanda hukumar binciken daji ta duniya ta sa a rukunin 2A a 2007, wato mai yiwuwa yana sa daji. Tsohuwar hanya ita ce ta Sakaguchi ta 1925, a ɗiga sinadarai ruwa ya yi ja, amma tana ruɗewa da 'yan kama. Hanyar zamani na'urar kuromatogirafi ce mai tsadar gaske, mai son wuta da ƙwararre.

Tsakaninsu enzayim ya shigo, don shi ba ya kuskuren gaɓa. A haɗa arjinas da yuriyas: na farko ya ba da yuriya, na biyu ya fasa ta ya ba da amoniya, a auna amoniyar da launi ko da wayar lantarki, yawanta ya faɗi yawan arjinin. Yuriyas ɗin nan shi James Sumner ya tace daga wani wake a 1926, ya tabbatar wa duniya cewa enzayim furotin ne. Amma akwai tarko a nan: jini da fitsari dama da yuriya a cikinsu, sai awon ya kumbura. Da ADI kuwa mataki ɗaya ne, arjinin kai tsaye zuwa amoniya, yuriya ba ta shiga lissafi. Masu bincike a Cibiyar Nazarin Ƙwayar Halitta da ke Lviv a Yukren sun yi aiki mai yawa a kan wannan, suna noma ADI na Mycoplasma hominis a cikin bakteriya suna ɗora shi a kan ƙananan na'urorin awo.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. In ana maganar abin da zai amfani mutumin Zariya a cikin shekaru goma masu zuwa, allurar yunwa ce ta ƙarshe a layi. Ga dajin hanta, rigakafin ciwon hanta nau'in B da Najeriya ta sa a jerin alluran yara tun 2004, musamman wadda ake yi a ranar haihuwa, da busar da gyaɗa yadda ya kamata, sun fi ta aiki nesa ba kusa ba. Abin da ke hannunmu shi ne ɓangaren ganewa da awo, kuma shi muke wulaƙantawa. Akwai wani faranti na roba mai ramuka 20, API 20E, wanda rami na biyu a jikinsa na arjinin ne, ya yi ja in ƙwayar ta ci. Mun taɓa jiran sa wata huɗu daga wani mai kawo kaya, da ya iso saura mako uku ya daina aiki, kuma a bayan mota ya kwana cikin zafin bazara. Wani karon aka ɗauke wuta tsakar dare, janareta babu mai, na'urar ɗumi ta huce, kwalaben Møller suka tsaya a wani launi da ba ɗorawa ba ba shunayya ba. Majinyaci na gado yana jira, mu muna sake shuka.

Alhali ilimin yana garin nan. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take Samaru, ga asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai a Basawa. Marigayi Farfesa Andrew Nok a nan ya yi aikinsa a kan wani enzayim na ƙwayar sammore, sayalidas, har ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009. Noma ADI a cikin Escherichia coli, a tace shi, a haɗa ɗan kayan awon arjinin da zai jure zafinmu, bai fi ƙarfin wurin da aka yi wancan ba. Ga kuma masu sikila da masu zazzaɓi da za a auna, waɗanda Landan ba ta da irin yawansu.

Ɗalibar nan tamu da ta zo zaɓen aikin kammala karatu sai ta ce arjinin na jinin masu sikila take son aunawa. Na ce mata ta fara da jininta da nawa, ta koyi hannu. Ta ɗiba da safe, ta ajiye kwalaben a kan tebur, ta tafi lacca. Da ta dawo bayan azahar ta auna, ta zo da takarda fuskarta a murtuke.

"Malam, ni da kai duk mun fi masu jinya rashin arjinin."

Na tambaye ta awa nawa jinin ya yi a zaune. Ta ƙirga da yatsu, biyar. Arjinas na jajayen ƙwayoyin bai san an fitar da shi daga jiki ba, aikinsa ya ci gaba da yi a cikin kwalba. Jinin da za a auna wa arjinin a kan ƙanƙara ake ɗora shi tun daga bakin allura, a juya shi a na'ura a raba ruwan da ƙwayoyin nan take, wanda kuma ya yi ja alamar fashewa a zubar.

Washegari firjinmu babu wuta. Ta fita bakin titi wajen mai zoɓo ta sayo ƙanƙara ta naira ɗari biyu a leda, ta farfasa ta da gindin almakashi a cikin kwanon sha, ta miƙo mini igiyar ɗaure hannu ta ce, "Malam, naɗe rigarka."